Yadda aka raba gidan shaho gida biyar

A shekarar 2024 masana tsuntsaye suka yi wa wani tsohon gida rabon gado tun mutanen gidan suna raye. Sunan gidan Accipiter. Wani Bafaranshe, Mathurin Jacques Brisson, shi ya raɗa sunan tun 1760, daga nan aka yi ta tura wa gidan baƙi har nau'o'in tsuntsayen da ke amsa shi suka kai wajen hamsin. Sharaɗin shiga ba wuya. In dai tsuntsu mafarauci ne, fukafukansa gajeru masu faɗi, bindinsa dogo, ƙafafunsa dogaye, kuma aikinsa laɓewa cikin ganye ya fyauce abin da ya gifta, to ya zama ɗan gida. Sai da aka bi jininsu ɗaya bayan ɗaya aka tarar ashe yawancinsu zaman haya suke yi. Yau gidan ya rabu biyar, kuma babban ɗansa, ƙaton shahon dazuzzukan Turai da Asiya, shi ma an sauya masa suna.

Wannan ƙaton shaho ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malami a zaure. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wajen hukuncin farauta, an ce abin da karenka horarre ko bazinka horarre ya kashe ya halatta a ci, in kai ka sake shi a kansa. Ɗalibai da yawa sun wuce wurin ba su taɓa ganin tsuntsun ba, don ba ya zama a ƙasarmu. A littattafan Larabawa da Farisawa na farauta da tsuntsu, bazi shi ne wannan shahon daji mai gajerun fukafukai, kuma da wannan suna zan riƙa kiransa. Darajarsa a wancan zamani ta kai har mabiya Ƙadiriyya ke yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani laƙabi da Bazul Ash'hab.

A tsarin masana, kowane tsuntsu suna biyu gare shi da Latin: na farko sunan gida, na biyu nasa na kansa. Gidaje masu kusanci su ake haɗawa su zama dangi. Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin, a littafinsa na 1758 ya zuba kusan duk tsuntsun da ke farauta da rana cikin gida ɗaya, Falco, ya ware ungulaye gefe, mujiyoyi ma gefe. Bazi ya fito a nan da sunan Falco gentilis. Bahaushe ma hanyar da ya bi ke nan. Ya dubi hali ya ba da suna: mai shawagi a kan kasuwa da mahauta da bindi mai baki biyu shirwa ce, mai jiran mushe ungulu, mai lilo can ƙololuwa kamar ba ta da bindi gaggafa, mai zuwa kamar walƙiya ya ɗauke ɗan tsako kuwa shaho. Rabon ba shi da aibi wajen aikin da aka yi shi dominsa. Matar da ke kiwon kaji abin da take son sani shi ne wanne ne zai sure mata 'yan tsaki, ba wanne ne kakan wani ba. Matsala tana tasowa ne in aka ɗauki kamannin jiki a matsayin shaidar dangantaka.

Babbar girgiza ta farko ta zo a 2008, lokacin da wata tawagar masana ta kwatanta ƙwayoyin gado, wato DNA, na tsuntsaye daga kusan kowane babban rukuni. Sakamakon ya nuna cewa shahunan gidan Falco, masu dogayen fukafukai masu tsini, ba 'yan'uwan bazi ba ne ko kaɗan. Sun fi kusa da aku da ƙananan tsuntsaye masu waƙa irin su kanari. Bazi kuwa danginsa su ne shirwa da gaggafa da mikiya da ungulu, babban dangin nan Accipitridae mai nau'i wajen 250. Ke nan tsuntsaye biyu da muke kira shaho, ɗaya ya fi kusa da ungulu, ɗaya ya fi kusa da aku.

Da an lura da yadda suke kisa, da an yi zargin haka tun tuni. Ɗan gidan Falco tsuntsun fili ne. Yana hawa sama ya dunƙule ya faɗo, kuma mafi gudunsu, Falco peregrinus, yana wuce kilomita 300 a awa a irin wannan faɗowa. In ya kama, da baki yake ƙarasawa, don akwai wani ɗan tsini kamar haƙori a gefen bakinsa na sama da yake karya wuya da shi. Idonsa baƙi ne wuluk, kuma ba ya gina sheƙa. Ko ya yi ƙwai a kan dutse ko ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka. Muna da su a nan: Falco biarmicus mai son manyan duwatsu, da wani ƙarami mai jan ƙeya da ba ya nisa da giginya. Bazi da 'yan'uwansa da ƙafa suke kisa. Suna damƙa su matsa, su sassauta su sake matsawa, har faratan su huda abin da ya kamata su huda. Idanunsu rawaya ne ko ja, kuma da kansu suke jera ƙirare su yi sheƙa.

Jikin bazi kaf an gina shi ne don gudun 'yan daƙiƙoƙi a wuri mai cunkoso. Gajeren fiffike mai faɗi yana ba shi tashi nan take daga zaune, kuma yana iya naɗe shi ya kutsa tsakanin rassa biyu ya sake buɗewa ba tare da gudunsa ya ragu ba. Dogon bindin shi ne sitiyari, shi ne birki. In yana ƙetare fili, tashinsa yana da alama: ya kaɗa fiffike sau uku ko huɗu da sauri, ya miƙe ya zame, ya sake kaɗawa. Ba ya ɓata ƙarfi wajen yawo a sama yana nema. Zai zauna a reshe cikin duhuwa na ɗan lokaci, in bai ga komai ba ya koma wani reshen, har sai tattabara ko hankaka ko kurege ko zomo ya yi sake. In ya taso, ƙasa-ƙasa yake bi, yana fakewa da shinge ko tudu, abin farautar ba zai gan shi ba sai ya iso. Idan zomo ya shige ƙaya, bazi yakan sauka ya bi shi da ƙafa. Mafarautan da suka riƙe shi sun san shi da naci da zafin rai, har ya kan damƙi abin da ya fi shi nauyi a yi ta birgima da shi bai saki ba.

Wannan salon farauta yana da tsada. An taɓa duba ƙasusuwan wani ɗan'uwansa na Amurka, Astur cooperii, sama da guda 300, aka tarar kashi 23 cikin ɗari suna da tabon tsohuwar karaya a ƙashin ƙirji. Waɗannan su ne waɗanda suka yi karo da itace suka warke. Waɗanda ba su warke ba ba a lissafa da su ba.

Babban bazi bayansa toka-toka ne, cikinsa fari da siraran layuka a kwance, da farar gira mai kauri a kan ido wadda ke sa fuskarsa kullum kamar a fusace. Tsawonsa daga baki zuwa bindi yakan kai rabin mita ko fiye, faɗin fukafukan tamata kuma ya wuce mita guda. Ɗan shekara ɗaya kuwa ruwan ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo a tsaye a ƙirji, har wanda bai sani ba zai rantse wani tsuntsu ne daban. Ido ma yana sauyawa da shekaru, daga rawaya mai haske zuwa ruwan goro, a wasu har ja.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne tamatar ta fi namijin girma, kuma ba da kaɗan ba. Namijin bazi da wuya ya wuce kilo ɗaya da 'yan kai, tamata kuwa a arewacin Turai da Siberiya tana iya kusantar kilo biyu. A ƙaramin shahon Turai, Accipiter nisus, abin ya fi haka: namiji wajen giram 150, tamata tana iya ninka shi. An lura da wata ƙa'ida a nan. Ungulaye, da abincinsu ba ya gudu, namiji da tamata kusan kansu ɗaya. Masu cin ƙwari da ɓeraye bambancinsu kaɗan ne. Masu kama tsuntsu a sama, su ne bambancinsu ya fi yawa. Bayanan da ake bayarwa suna da dama, amma wanda ya fi kwanta mini shi ne na rabon aiki a lokacin kiwo. Tamata ce ke kwanci, sama da wata guda a kan ƙwai biyu zuwa huɗu, sannan ta ci gaba da zama da 'ya'yan har su yi gashi. Duk wannan lokaci namiji ne ke ciyar da gida shi kaɗai. Ƙananan tsuntsaye sun fi manya yawa a daji, kuma ƙaramin jiki mai saurin juyi shi ke iya kama su akai-akai. Ita kuwa girman yana taimakonta wajen yin ƙwai, da jure yunwa in ya dawo hannu rabbana, da korar duk abin da ya doshi sheƙa. Tamatar bazi ta Amurka tana kai wa mutum hari a ka in ya matso, har ta fitar da jini. In 'ya'ya suka girma cikinsu ya buɗe, sai ita ma ta fita farauta, ta riƙa kawo manyan abubuwan da shi ba ya iyawa.

To, wannan siffa ta gajeren fiffike da dogon bindi ita ta ruɗi masana sama da shekara ɗari biyu da hamsin. Maƙerin Kano da maƙerin Agadas za ka same su da kantar hannu iri ɗaya da ƙwanji iri ɗaya, amma wutar maƙera ce ta yi musu haka, ba kaka ɗaya ba. Duk tsuntsun da zai rayu da kwanton ɓauna cikin itatuwa, dole jikinsa ya doshi wannan ƙira, ko daga wace zuriya ya fito.

Tun kafin 2024 an fara jin ƙishin-ƙishin. A 2021 an cire wasu ƙananan shahuna biyu na Kudancin Amurka aka ba su gidansu, Microspizias, don an ga ba su da kusanci da sauran. A 2023 aka raba bazi kansa gida biyu, na Amurka ta Arewa daban, na Turai da Asiya daban, bisa bambancin jini da murya da launi. Sannan Therese Catanach da abokan aikinta suka fito da binciken da ya game mafi yawan nau'o'in dangin, har da waɗanda ba a iya samun jininsu sai daga tsofaffin fatun da ke ajiye a gidajen tarihi. Abin da ya ɓalle shi ne maganar gidan Circus.

'Yan gidan Circus su ne shahunan fadama. Wanda ya taɓa zuwa dausayin Hadeja da Nguru ko bakin Tafkin Chadi da sanyin hunturu ya gan su: dogayen fukafukai a ɗage sama kaɗan, suna tafiya a hankali dab da kan ciyawa, suna tangaɗi, kai a sunkuye. Daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa su yi rani a Sahel, wasunsu fara ce babban abincinsu a nan. Fuskarsu tana da wani zagaye irin na mujiya da ke tara musu sauti, don da kunne suke farauta kamar yadda suke yi da ido, kuma a ƙasa suke sheƙa. Ba wanda zai dubi wannan tsuntsu ya ce ɗan'uwan bazi ne. Amma jini ya nuna bazi ya fi kusa da shi a kan kusancinsa da Accipiter nisus, wanda in ka ajiye su tare za ka ce bazi ne aka rage wa girma. Wato wani reshe na masu kwanton ɓauna ne ya bar kurmi ya fita fili, jikinsa ya sauya gaba ɗaya, 'yan'uwansa na jini suka ci gaba da kama da baren da suke sana'a ɗaya.

Ƙa'idar masana a yau ita ce gida ya ƙunshi kaka ɗaya da dukkan zuriyarsa, ba a bar kowa a waje ba. Saboda haka zaɓi biyu ya rage. Ko a kwaso shahunan fadama da wasu 'yan gidaje a zuba su cikin Accipiter, a sami ƙaton gidan da sunansa ba ya gaya maka komai game da mai shi, ko kuma a fasa shi. Aka zaɓi fasawa. Sunan Accipiter ya zauna wa nisus, don da shi aka kafa gidan tun farko, tare da 'yan tsirarun da ba su kai goma ba. Bazi ya koma Astur gentilis, sunan gidan da wani masani Bafaranshe, Lacépède, ya raɗa tun 1799 aka jingine, shi da wasu takwas, cikinsu har da baƙin shahon kurmin Afirka, Astur melanoleucus, da wani na Madagaska. Kaso mafi tsoka, nau'i 27, ya tafi Tachyspiza, yawancinsu a Asiya da Ostareliya da tsibiran da ke tsakani. Wasu 'yan kurmin Afirka suka zama Aerospiza. Biyu masu tukku na kudancin Asiya, Lophospiza, su kam an tarar nesa suke da kowa a cikin taron.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Littattafan gane tsuntsaye da aka buga kafin 2024 duk sun tsufa dare ɗaya, dokokin kare namun daji na ƙasashe da yawa da tsofaffin sunaye aka rubuta su, ɗalibi kuma sai ya haddace suna biyu ga tsuntsu ɗaya. Duk da haka ina ganin fasawar ita ce daidai. Sunan Latin ba don a gane tsuntsu a kan reshe aka yi shi ba, wannan aikin ido ne da sunan gargajiya. Amfaninsa shi ne ya faɗi wa ya haifi wa. In ya daina faɗin haka, ya zama ado.

Mu a nan, wanda rabon ya fi shafa shi ne ɗan ƙaramin shahon da ke zaune cikin garuruwanmu, wanda ya tashi daga Accipiter badius ya koma Tachyspiza badia. Bai fi tattabara tsawo ba, kuma bai kai ta kauri ba. Bayansa toka, ƙirjinsa da siraran layuka ja-ja, idon namijin ja kamar gauta. Yana son darbejiya da mangwaro da tsamiya, duk inda ganye ya yi duhu kusa da fili. Kadangare na kan katanga yana gyaɗa kai, sai kawai ka ga wani abu ya zubo daga cikin ganye a karkace, ƙafa a gaba, ka ji ɗan ƙarar farce a jikin bulo, kafin ka waiga ya koma cikin itacen. In ka matsa a hankali za ka same shi ya take kadangaren da ƙafa ɗaya, yana waige-waige, bai fara ci ba sai motsin ya tsaya. Sau da yawa tsuntsayen unguwa ne ke tona shi, su taru a kansa suna tsiwa. Irinsa ya bazu daga Senegal har Indiya da gabas da ita, kuma a Indiya da Pakistan an daɗe ana horar da shi, don yana saurin sabo da hannu.

Sai kuma wanda matafiyi ya fi gani a hanyoyin Sahel, a kan falwaya ko ƙololuwar ƙaya ko suri: tsuntsu mai launin toka, a tsaye ƙyam, da dogayen ƙafafu ja da jan gindin baki. Shi ne Melierax metabates. Turawa sun sa shi cikin masu sunan bazi saboda kama, amma ba ya cikin ko ɗaya daga gidaje biyar ɗin nan, reshensa daban ne tun da daɗewa. Halinsa ma daban. Ba ya ɓuya, a fili yake zama, ya diro kan kadangare ko ɓera, in ya kuskure ya bi shi da gudu a ƙasa. Lokacin kiwo namijin yakan hau kan itace ya yi ta rera wani fito mai daɗi, abin da ba a san bazi da shi ba. 'Yan gidan nan suna da wata dabara: sukan bi dage in yana tone-tone, ko burtu in yana kiwo, su tsaya gefe, duk abin da ya tsere wa mai tonon su cafke.

Ƙaninsa a wannan reshe, Micronisus gabar, ya fi shi ƙanƙanta da rashin ta-ido. Yana dira kan sheƙar tsuntsaye masu saƙa, ya rataya, ya yage ta ya zaro 'ya'yan. Wasu daga cikinsu baƙaƙe ne ƙirin, ƙafa da gindin baki kawai ke ja, kuma ana samun baƙi da mai toka a sheƙa ɗaya. Sheƙar tasa sau da yawa a lulluɓe take da yanar wani gizo-gizo mai zaman taro, wanda ke ci gaba da saƙa a kanta har ta zama kamar tsummokaran da iska ta maƙala a reshe. A ɗaya gefen kuma akwai Kaupifalco monogrammicus, mai farin maƙogwaro da baƙin layi ɗaya a tsakiya, gajere kakkaura, wanda aka daɗe ana jingina shi da wasu dangi can daban. Shi kuma bincike ya jawo shi kusa da su Tachyspiza. Wanda ya yi kama an fitar da shi, wanda bai yi kama ba an shigo da shi.

Abin bai tsaya kan shahuna ba. Shirwa ta fi kusa da mikiyar ruwa mai farin kai da ke kama kifi a kan kusancinta da ɗan farin tsuntsun nan mai baƙar kafaɗa da ke tsayawa cak a iska a kan gona, duk da littattafai sun daɗe suna haɗa su. Ungulayen Afirka da Asiya su kansu zuriya biyu ne da suka koyi cin mushe kowa ta hanyarsa, na Amurka kuwa dangi ne daban ɗungurungum.

Dangantakar bazi da mutum ta sha juyi. Sarakunan Japan da na Farisa da na Indiya sun riƙe shi a hannu, kuma a Turai shi ne tsuntsun mai son cika tukunya, don daga hannu ake sakinsa ya kamo zomo ko fakara cikin ɗan taƙi, ba sai an nemi fili da doki ba. A 2010 UNESCO ta sa farauta da tsuntsu cikin al'adun gado na duniya. Amma inda bindiga ta yawaita aka fara kiwon tsuntsayen harbi, sai ya zama abokin gaba. A Birtaniya masu gadin gandun farauta da saran daji sun ƙarar da shi kafin ƙarshen ƙarni na 19. Ya dawo ne daga shekarun 1960 ta hannun masu farauta da tsuntsu, waɗansu sun kuɓuce musu, waɗansu da gangan aka sake su. A Jamus kuma tsuntsun da ake ɗauka ba ya rayuwa sai a ƙurmin daji ya shigo gari: Berlin tana da ma'aurata wajen ɗari, suna sheƙa a maƙabartu da wuraren shaƙatawa, suna cin tattabarun birni. Abin da ke kashe su a can shi ne karo da gilashin gini, da wata cutar maƙogwaro da 'ya'yansu ke ɗauka daga naman tattabara. Ƙaramin nisus shi ma ya ga tasku a shekarun 1950 da 1960, lokacin da magungunan ƙwari irin su DDT suka taru a jikinsa ta hanyar tsuntsayen da yake ci, ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwar. Da aka hana magungunan, ya farfaɗo.

Namu labarin bai kai ga farfaɗowa ba tukuna. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsayen farauta daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin nan bayan shekara talatin, ya tarar manyan mikiyoyi da ungulaye sun kusa ɓacewa in ban da cikin gandun da ake karewa. Ungulun da ke cika mahautanmu a da, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta a kasuwannin magani na cikin dalilan. A farkon 2024 wani bincike da Phil Shaw da Darcy Ogada suka jagoranta ya duba nau'i 42 na tsuntsayen farautar filayen Afirka, ya tarar kusan kashi 90 cikin ɗari sun ragu, kuma raguwar ta fi muni a Afirka ta Yamma. Cikin waɗanda aka ambata da raguwa mai tsanani har da Melierax metabates, tsuntsun da a lokacin rajistar duniya ta halittu masu fuskantar ƙarewa ke lissafawa cikin waɗanda ba a damu da halinsu ba. Dalilan a bayyane suke ga duk mai bin hanya: manyan itatuwan sheƙa sun tafi gawayi, saura ta zama gona, feshi ya rage fara da kadangaru, ga danƙon yara, ga mai kaji da ke ganin duk mai lanƙwasasshen baki ɓarawo ne, ko da kuwa ɓeran rumbunsa tsuntsun yake ci.

A nan ne rabon gidajen ya daina zama gardamar masu littafi. In aka ɗauki Melierax kamar wani bazi ne cikin hamsin saboda kama, raguwarsa ƙaramin labari ce. Amma gidansa daban ne, nau'i uku kacal gare shi a duniya, dukkansu 'yan Afirka, ɗaya ne kawai ya ɗan leƙa kudancin ƙasar Larabawa, kuma wannan ɗayan shi ne namu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a Najeriya ta hannun masu sa kai, kuma da irin wannan ƙirga ne ake iya sauya matsayin tsuntsu a rajista, in an nuna cewa garuruwan da ake ganinsa a da yanzu an daina.